Keken Hoton Manaja

Ba a taɓa naɗa shi manajan komai ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana riƙe da makullan sito a wani kamfanin sayar da tayil, aikinsa ya buɗe da safe, ya rufe da yamma, ya hana leburori zama a kan kwali. Sai wata rana mai kamfanin ya yi tafiyar kwana huɗu, ya ce masa ya sa ido. Washegari ya zo aiki sanye da kwat, ana zafi kamar a gasa mutum, ya zauna a kujerar maigidan yana juyawa hagu da dama. Leburori suka laƙaba masa Manaja don iya shege, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu. Kamfanin ya rufe, kwat ɗin ya koɗe, sunan ya zauna daram. Har matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda tana koyar da 'yan aji uku a firamare, haka take kiransa in da baƙi. In babu baƙi, Abban yara ne.

Bayan an sallame su ya taɓa sana'o'i da dama, kowacce ya ɗan lasa ya tofar. Ya ja motar wani ɗan'uwansa wata biyu, ya mayar da ita gefe a lotse, ya ce titin ne ba kyau. Ya yi tallar na'urar tace ruwa gida-gida, ya daina, wai mutane ba su san darajar lafiyarsu ba. Malama ta daɗe da lura cewa duk inda mijinta ya faɗi akwai wanda ya sa masa ƙafa, shi bai taɓa yin tuntuɓe da kansa ba. Ba ta taɓa faɗa masa ba. Mace ce mai ƙarancin magana, albashinta ne ke riƙe da ɗaki biyu da falon da suke haya a hawa na biyu, kuma ta gano tun da wuri cewa musu da shi ɓata yawu ne.

Abin da ya daɗe a hannunsa shi ne shafin gwanjo na intanet, don shi ba sai an shiga rana ba. Mutum zai sa hoton kayansa, masu saye su yi ta tayi kwana biyar, wanda ya fi kowa tayi in lokaci ya cika shi ke da kaya. Kuɗin ba ya shiga hannun mai sayarwa kai tsaye. Masu shafin ne ke riƙewa har mai saye ya karɓi kayansa ya ce ya gamsu. In bai gamsu ba sai ya shigar da ƙorafi, su duba su yanke hukunci. Shagon farko da Manaja ya buɗe a shafin wata huɗu ya yi aka rufe shi, a kan wani dutsen guga da ya sayar ba ya zafi. Ya ce maƙiya ne.

Wata safiya, bakwai saura kwata, Malama tana durƙushe tana neman takalmin ƙaramar 'yarsu ƙafa ɗaya a ƙarƙashin kujera, ya tsaya a kanta.

"Malama, ara mini katin shaidarki minti biyu."

"Na me?"

"Suna kawai suke so. Ba abin da zai taɓa ki."

Ta ce yana cikin jaka, ya ɗauka. Da haka aka buɗe sabon shago da cikakken sunanta da lambar wayarta, ita tana can tana koya wa yara jimla.

Jarinsa na gaske ya samu ne lokacin da wata cibiyar koyon ɗinki ta rufe. Ya kwaso kawunan keken ɗinki goma sha biyu a farashin ƙarfen da za a narka. Ɗaya ne mai lafiya a ciki, baƙi wuluk, zanen jikinsa bai goge ba, in aka juya hannunsa ba ka jin komai sai ɗan sautin allura. Sauran sha ɗayan kowanne da cutarsa: wani ya yi tsatsa, wani ba ƙafar danne ƙyalle, wani hannunsa ya ƙage. Ya jibge su a baranda ya rufe da tsohon zanen gado. Mai lafiyar kuwa ya shimfiɗa masa farin tawul a kan tebur kusa da taga, inda haske ke faɗowa da hantsi, ya kafa wa yara doka kada wanda ya taɓa. Su suka sa masa suna keken hoto.

Duk Asabar sai ya goge shi, ya ɗiga masa mai, ya ɗauke shi hoto ta gaba da ta baya da ta gefe, ya sa a gwanjo. In an saya, sai ya fita baranda ya zaɓo ɗaya daga cikin marasa lafiyar, ya cusa a kwali, ya naɗe da salatif kamar ba za a sake buɗewa ba. Kulawar da yake ba keken nan, Malama ba ta taɓa ganin ya ba ɗa mai zazzaɓi ba.

Masu ƙorafi kuma yana da hanyar da yake bi da su, yana alfahari da ita. Kwana biyun farko shiru. Rana ta uku ya rubuta cewa ransa ya ɓaci matuƙa, masu kai kaya ne suka yi jifa da kwalin, Allah ya isa. Rana ta huɗu ya ce don zumunci zai mayar da ɗan wani abu a kai wa mai gyara, in dai za a janye ƙorafi a ba shi tauraro biyar. Yawanci sukan gaji su karɓa. Mutum bakwai ya yi wa haka, kuma kowane in ya janye, sai Manaja ya miƙe ƙafa a kujera ya ce, "Kasuwanci ilimi ne, Malama. Ba a aji ake koyonsa ba."

Ta san abin da ke barandar. Ita ke shanya a wurin. Ta riƙa gaya wa kanta cewa harkarsa ce, ba ta shiga ba, ba ta ci ba.

Ta takwas wata tela ce a wani gari. Ta yi tayi ta kayar da mutum uku, ta biya nan take. Ranar da kwalin ya isa, ranar ta shigar da ƙorafi, kuma ba ta tsaya kuka ba. Hoto biyu ta aika: lambar da ke jikin keken hoto, wadda ta fito ƙarara a ɗaya daga cikin hotunan Manaja, tana ƙarewa da 417, da lambar keken da aka kawo mata, mai ƙarewa da 902. Masu shafin suka riƙe kuɗin.

Manaja bai taɓa sanin keke yana da lamba ba. Amma bai ɗauki wannan a matsayin dalilin yin shiru ba. Ya rubuta cewa shi abin da ke hoto ya aika, matar ce ta ɓoye nasa ta fito da tsohon nata don ta ci biyu. Ya karanta wa kansa amsar sau biyu da ƙarfi, yana gyaɗa kai.

Ranar Laraba, an tashi yara hutun cin abinci, Malama tana ɗakin malamai tana duba littattafai, wayarta ta yi ƙara da baƙuwar lamba.

"Salamu alaikum. Ke ce mai keke?"

"Wa alaikumus salam. Wane keke kuma?"

"Wane keke! Yau na ji ikon Allah. Baiwar Allah, ba ke ce ba?" Sai muryar ta faɗi sunan Malama cikakke, har da na mahaifinta, a hankali, kamar mai kiran rajista.

Malama ta tashi ta fita bayan aji, ta tsaya kusa da famfo.

"Na biya kuɗin keke, kin aiko mini gawa. Allura ba ta sauka, in na juya hannu sai ya yi kuka kamar akuya. Wannan ma na haƙura. Amma ki ce ni na musanya? Ni? Shekara ashirin ina ɗinki, ko ragowar ƙyallen mutum ban taɓa riƙewa ba, ki je ki tambaya."

"Don Allah ki yi haƙuri, Hajiya."

"Ba Hajiya ba ce ni. Da ina da kuɗin jirgi za ki gan ni a gwanjo? Kayan makaranta na yara sittin ke gabana, ƙarshen wata zan kai. Kekena ya tsufa, na tattara abin da nake da shi na ba ki. Ke wace irin mace ce? Kina da 'ya'ya kuwa?"

"Ina da uku."

"To Allah ya shirya miki su, kada su gado ki."

Ta kashe. Malama ta daɗe a tsaye, ruwa na ɗiga daga famfon yana jiƙa mata gefen takalmi. Sannan ta buɗe shafin, karo na farko tun da aka buɗe shagon. Sunanta ne a sama da manyan baƙaƙe. A ƙasa, inda masu saye ke rubuta ra'ayinsu kowa ya gani, telar ta rubuta: "Ku kiyayi wannan matar. Ɓarauniya ce, kuma maƙaryaciya."

Da ta koma ɗakin malamai, malamar aji biyar, wadda labulen gidanta ma a shafin ta saya, ta ɗago kai tana murmushi.

"Malama, ashe kina da takwara a gwanjo? Har sunan uba ɗaya. Jiya na gani, na ce kai, Allah mai iko."

Malama ta ce duniya da faɗi. Ta zauna ta ɗauki jan biro. A makon nan ta tsayar da wani yaro a gaban aji saboda ya ɗauki fensirin ɗan'uwansa, ta sa ya maimaita cewa abin wani ba naka ba ne. Iyayen yara arba'in da biyu ne ke da sunanta a wayoyinsu. Sunan nan shi ne kaɗai abin da ta shigo da shi gidan aure wanda bai tsufa ba, bai fashe ba, ba a kuma sayar ba.

Da yamma ta same shi a falo, yana cin gyaɗa yana zuba ɓawon a hannun kujera.

"Abban yara, me ka aika wa matar nan?"

"Wace mata? Au, wannan mai baƙar aniyar? Bar ni da ita, na saba da irinsu."

"Ta ce ba abin da ke hoto ba ne."

"Hoto ai misali ne, Malama. In kin ga hoton kaza a jikin gidan abinci, ita ake yanka miki? Duk kamfaninsu ɗaya, baƙi ne wannan, baƙi ne wancan."

"Ka ce ta yi sata."

"Dabara ce. Ke ba ki san harkar ba."

"An rubuta ɓarauniya a ƙarƙashin sunana."

Ya ɗaga kafaɗa, ya jefa gyaɗa a baki. "To wa ya san ki?"

Ta dube shi. Akwai ɓawon gyaɗa maƙale a gemunsa, yana motsi in yana tauna. Ta shiga kicin ta ɗora ruwa.

Wataƙila da ya yi zamansa, masu shafin sun raba musu asarar, don maganarsa ce da ta telar. Amma Asabar ta zo, hasken hantsi ya faɗo a kan tebur, hannun Manaja ya yi abin da ya saba. Ya goge keken hoto, ya ɗiga mai, ya ɗauka ta gaba da ta baya da ta gefe, ya sa shi a sabon gwanjo, har ya ƙara da cewa guda ɗaya tak ya rage. Keken da ya rantse yana hannun telar, ga shi a kan farin tawul ana tayinsa, 417 tana ƙyalli a jikinsa. Ko awa ɗaya ba a yi ba telar ta ɗauki hoton sabon tallan ta tura wa masu shafin, ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba.

Saƙonsu a wayar Malama ya shigo, don ita ce mai shago a wurinsu. Sun ba ta zuwa ƙarfe huɗu na yammacin Talata: ko ta aika wa mai saye ainihin kayan da aka tallata, ko ta yarda a mayar wa mai saye kuɗinta ta biya kuɗin dawo da kwalin, ko ta gabatar da bayani in tana da shi. Duk wanda ta zaɓa sai ta tabbatar da lambar sirri da za a turo wa wayarta. In ba ta yi ba za a rufe shagon a rubuta dalili a kansa.

Manaja ya kwashe Lahadi yana rubuta bayani. Abin da ƙwaƙwalwarsa ta haifa shi ne cewa masana'antar ce ta yi kuskure shekaru da yawa da suka wuce, ta buga lamba ɗaya a keke biyu, kuma Allah ya haɗa shi da duka biyun. Ya karanta mata a tsaye, hannu ɗaya a ƙugu.

"Kin ji fasaha? Ko lauya sai haka. In lambar ta shigo ki karanto mini."

"Da sunana za a aika wannan?"

"Da sunan wa kuma? Ke dai karanto lamba."

"Sai gobe in na dawo daga makaranta," in ji ta.

Ranar Litinin ta roƙi malamar aji biyar ta riƙe mata yara bayan hutu, ta ce uzuri ne ya taso. Ta san da hantsi Manaja yana shagon mai gyaran waya a bakin titi, inda yake zama yana koya wa mutanen da ba su tambaye shi ba yadda ake kasuwanci. Ta hau bene ta buɗe gida. Ba ta taɓa ɗaga keken ba, ashe nauyi gare shi kamar yaron goye da ya ƙoshi. Ta naɗe shi a tsofaffin rigunan yara, ta sa a kwali, ta rungumo shi tana saukowa mataki ɗaya-ɗaya, tana hutawa a kowace kwana. Ta tare tasi.

A ofishin masu kai kaya, yarinyar da ke kan tebur ta miƙo hannu za ta rufe kwalin.

"Tsaya, ƙanwata. Ɗauke ni hoto da shi tukuna. Lambar nan ta fito, da fuskata."

"Anti, har da fuska? Ba a buƙata fa."

"Ni ina buƙata."

Yarinyar ta ɗauka, ta auna kwalin a sikeli, ta rubuta rasit. Malama ta biya daga kuɗin cefanen makon. A nan kan bencin ofishin ta tura hoton da rasit ɗin ga masu shafin, lambar sirri ta shigo, ta shigar da ita da kanta. Sannan ta rubuta wa telar: "Ga kekenki nan tafe. Wancan ki ajiye ko ki zubar. Mijina ne ya buɗe shagon da katin shaidata, amma ban musa ba, na san abin da ake yi na yi shiru. Ki yafe mini." Ta nemi inda ake rufe shago ta danna. Aka ce mata zai daina karɓar tayi, amma shafinsa zai ci gaba da zama yadda yake shekara guda.

Da ta dawo daga makaranta ta tarar da shi tsaye a gaban tebur, yana kallon tawul.

"Ina keken?"

"Yana hanya. Mai shi za a kai wa."

Nan take maganar ta ɓalle. Ta karya masa jari. Ta haɗa kai da bare. Da wane hoto zai sayar da ukun da suka rage? Mace ta shiga harkar da ba ta sani ba, ga irinta nan. Ya ce zai kira yayarsa ya gaya mata, ya ɗauki waya, sai ya tuna ba shi da katin waya, ya ajiye. Malama tana yanka albasa, ta bar shi ya yi har ya gaji. Da abinci ya sauka ya ci, ya nemi ƙari.

Ranar Juma'a telar ta kira. Ana jin ƙarar keke a bayanta, sumul, ba gargada.

"Ya iso. Kin ji shi? Kamar ruwa." Ta tsayar da keken. "Na je in goge abin da na rubuta, sun ce ba a gogewa, sai dai a ƙara a ƙasa. Na ƙara. Ke kuma, ƙanwata, ki daina ba namiji katinki. Sai an jima, aiki ya yi mini yawa."

Malama ta buɗe shafin. Kalmar tana nan inda take, kuma za ta kai shekara a wurin, duk uwar ɗalibin da ta leƙa za ta fara cin karo da ita. A ƙarƙashinta akwai sabon layi: "Gyara: keke ya zo lafiya. Matar ba ɓarauniya ba ce. Mijin ne."

Manaja ya karanta ta saman kafaɗarta. Ya yi tsalle kamar an taka masa ƙafa.

"Mijin ne? Mijin ne! Wallahi sai na kai ta kotu. Wannan ɓata suna ne ƙiri-ƙiri, a gaban duniya!"

Malama ta duba layin daga farko har ƙarshe, a natse, yadda take duba aikin yara.

"Ban ga inda ta rubuta sunanka ba, Abban yara," ta ce. "Wa ya san ka?"

Ta kashe wayar ta sa a jaka, ta zuge zif ɗin, ta jawo littattafan 'yan aji uku gabanta.